An ce za a taimaka mana kan haihuwa a ƙauye: gini za mu roƙa ko me?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji, shugaban ƙungiyar ƴan asalin wata ƙaramar hukuma ta Adar da ke zaune a Yamai. Ya ce wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta yarda ta yi aiki da su shekara 3 kan lafiyar mata masu ciki da jarirai, ta kuma ce su faɗi abin da suke so. Mutanen gari sun ce a gina musu gidan haihuwa, a sayo motar ɗaukar marasa lafiya. Shi kuwa gabansa na faɗuwa, don ya sha ganin ginin porje da ya koma makwancin awaki. Me ya kamata su roƙa?

Alhaji, ina gaisuwa, Allah ya saka muku da alheri da wannan ɗawainiya. Ni ungozomar likita ce, na yi aiki a ƙauye kafin in dawo cikin garin Tawa, saboda haka abin da zan gaya maka wani a takarda na karanta, wani kuwa a hannuna ya faru. Tsoron da kake ji yana kan hanya. Kada ku fara da bulo da siminti. Ku ɗauki mace guda a ranku, a ƙauyen da ya fi kowanne nisa cikin ƙaramar hukumarku, ku bi sawunta daga tabarmar da naƙuda ta kama ta har gadon tiyata na asibitin gunduma. Duk inda kuka ga tafiyar ta tsaya, nan kuɗin zai shiga. Mai yiwuwa gini yana ciki, amma da wuya ya zama shi ne na farko.

Bari in ba ka girman abin, don ku san da me kuke kokawa. Babban binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 535 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma a lokacin ko kashi ɗaya cikin uku na masu haihuwa ba su haihuwa a hannun ma'aikacin lafiya. An samu ci gaba daga baya, amma har binciken 2021 ba a kai rabi ba. Yanzu ka sauko da lissafin gida. Yankin da ke da mutum 10,000 a ƙasar nan yana ganin haihuwa wajen 450 a shekara. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce, cikin mata 100 masu ciki, wajen 15 za su gamu da matsalar da ke son hannun gwani. Wato mata sama da 60 ke nan kowace shekara a wannan ɗan yanki. Abin da ke ɗaure kai shi ne, akasarinsu ba a iya nuna su da yatsa tun da wuri. Macen da ta haihu shida lafiya lau, ta bakwai ce za ta zo da jini. Shi ya sa awon ciki kaɗai ba ya isa, dole hanyar gudu ta zama a buɗe ga kowa.

Abubuwan da ke kashe su ba su da yawa, kuma duk mun san su: zubar jini, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari. A ƙarƙashinsu duka akwai ƙarancin jini, wanda maleriya da rashin abinci mai kyau da haihuwa kusa da kusa suke haddasawa. Kowanne yana da nasa lokaci. Doguwar naƙuda tana iya jan kwana biyu ko uku kafin ta kashe, ko ta bar yarinya da yoyon fitsari. Zubar jini bayan haihuwa kuwa cikin awa 2 yana gamawa da mace. Ka riƙe wannan awa 2, ita ce ma'aunin da za ku auna duk abin da ƙungiyar za ta kawo muku.

A aikinmu muna maganar jinkiri uku: na yanke shawara a gida, na hanya, da na cikin likita. Ko'ina a duniya haka ake koyar da shi, amma a Adar na farkon yana da wata kama tasa, kuma kai ka fi ni saninta. Mazanmu ƴan bida ne. Da an gama girbi, gari ya zama na mata da tsofaffi da yara, maza suna Abijan, suna Libiya, suna Najeriya, wasu kuma suna nan Yamai tare da ku. Naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, wa zai ce a tafi? Uwar miji ta ce a dakata, ita ma haka ta haifi nata. Ƙanen miji ya ce ba shi da iko sai an ji daga yayansa. A kira waya ba ta shiga. A kawo rubutu a sha, a jira asuba. In haihuwar fari ce ga kunya ta ƙaru, yarinya tana cije baki ba ta son a ji kukanta, har ta kwana tana fama ba wanda ya sani. Na taɓa karɓar wata da aka kawo a amalanke bayan kwana biyu, hannun jariri a waje. Da na tambayi dattijuwar da ta rako ta dalilin zaman, ba kuɗi ta ambata ba, ba nisa ba. Cewa ta yi maigidan bai bar sallahu ba.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi sosai, kuma ku ƴan ƙungiya kun fi kowane Bature iya shi. Duk namijin da zai tafi bida ya bar mata da ciki, ya faɗa gaban mahaifiyarsa da limami ko maigari cewa ya ba da izini a kai ta likita duk sa'ad da ta kama, ba sai an neme shi ba, ya kuma ajiye kuɗin mota a hannun wanda aka sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. A jihar Damagaram aka fara abin da ake kira makarantar mazaje tare da taimakon UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, inda magidanta masu mutunci a gari suke zama suna tattauna lafiyar matansu, suna jan sauran maza, daga baya abin ya bazu zuwa wasu jihohi. Ku roƙi irinta, amma ku gyara ta daidai da ƙasarku: a riƙa zama da damina lokacin da maza suke gida, a kuma yi wani zaman dabam na uwayen miji, don a gidajenmu su ne masu mabuɗi. Ungozomomin gida ma kada a kore su. In ka ce wa tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin gari ta koma gefe, ka yi abokiyar gaba. A mai da ita mai rakiya, ta kawo mace likita, a karɓe ta da mutunci, a bar ta ta zauna kusa da ita, a ba ta ɗan abin sabulu. Sai dai a yi mata iyaka a fili, babu yankan gishiri, babu danna ciki, babu jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda.

Sai hanya. Kusan rabin ƴan ƙasar nan suna zaune nesa da likita fiye da kilomita 5, kuma kilomita 5 na Adar ba irin na kan kwalta ba ne. Dutse ne da fako da korama. Da damina in koramar Magiya ko wata ƙanwarta ta kawo, kana hango ƙauye da ido amma sai ka jira ruwa ya wuce. A arewa, wajen Tiliya da Tasara, an sa dokar ta-ɓaci tun 2017, tafiyar dare ta zama abin shawara. Saboda haka ban ce motar ɗaukar marasa lafiya banza ba ce. Abin da na ce shi ne, sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin mota. Wa zai zuba mai? Wa zai biya direba, kuma ina yake kwana? In taya ta fashe ko batir ya mutu, daga wane aljihu? Na ga mota sabuwa fil an kawo ta da kiɗa da guɗa, kafin shekara biyu tana kan duwatsu kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, saboda wani ƙarfe da ba a samunsa sai an aika ƙasar waje. In za a saya, a sayi irin wadda makanikan Tawa da Ƙonni suka saba kwancewa, wadda kayan gyaranta ke kasuwa.

Akwai dabarar da aka yi a gundumomi da dama na ƙasar nan, wadda nake ganin ta fi kyautar mota daraja. Duk wanda ya zo ganin likita yana ƙara dala ashirin a kan kuɗin da ya saba biya, a tara su a asusu guda, da shi ake sayen mai a kai wanda ya galabaita asibitin gunduma ba tare da an tambayi danginsa ko dala ba. Inda aka riƙe asusun da gaskiya, ya yi aiki. Inda aka bar shi a hannun mutum guda, kai ma ka san ƙarshen zancen. Ku roƙi ƙungiyar ta zuba jarin farko, ma'aikatar magajin gari ta sa nata kaso a kasafin kuɗinta a rubuce, ku ƴan Yamai da na Abijan ku riƙa ƙarawa duk shekara, sa hannu ya zama na mutum uku, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a. Daga ƙauye zuwa CSI kuwa, wato likitar da ke ƙasa da asibitin gunduma, sau da yawa mai amalanke da mai babur da aka yi yarjejeniya da su, aka san lambar wayarsu, sun fi motar da ke nesa amfani. Ga ƙauyukan da ruwa ke yankewa, ɗaki biyu kusa da likita inda mai ciki za ta zo ta zauna a watanta na ƙarshe tare da mai taya ta zama, shi ne ginin da zan fara sa wa hannu. Sai dai a tanadi hatsi da itace da ruwa, don ba macen da za ta bar ƴaƴanta ta zo ta zauna da yunwa.

Yanzu mun iso inda na fi son ka saurare ni, wato cikin likita. Babu abin da ke kashe zuciyar mutanen ƙauye kamar su sha wahalar hanya su iso, su tarar da ƙofa a rufe, ko ma'aikaci babu magani, ko magani babu fitila. Sau ɗaya in ya faru, labari ya gama gari, shekara guda kana wa'azi ba ka gyara shi ba. A lissafinmu, CSI ba ta cancanci a ce tana karɓar haihuwa ta gaggawa ba sai tana iya abubuwa 7 dare da rana: allurar kashe ƙwayoyin cuta, allurar tsuke mahaifa, maganin jijjiga, ciro mabiyiya da hannu, wanke mahaifa bayan ɓari, taimakon fitar da jariri da na'urar zuƙo, da farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. Asibitin gunduma ya ƙara biyu a kai, tiyata da ƙarin jini. Ka tafi CSI ɗinku da wannan lissafi a hannu, ka tambayi majo, wato shugaban CSI ɗin, wanne aka yi a cikin wata 3 da suka wuce. Amsar da zai ba ka ita ce rabin takardar roƙonku.

Ɗauki zubar jini. Allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya fito ita ce gaba da komai, amma tana son sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. A Tawa watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce 40. Allurar da ta daɗe a cikin kabad a irin wannan zafi, ƙarfinta ya ragu kafin ka tsira wa baiwar Allah ita. Ke nan firiji mai aiki da hasken rana, da wanda zai gyara shi, yana cikin maganin. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yarda a ajiye oksitosin a firijin allurar rigakafi in an ware shi da kyau, amma har yanzu za ka samu inda ake jin tsoron yin haka. Akwai kuma wasu allurai na maganin zubar jini, karbetosin mai jure zafi, da asid taraneksamik wanda ake yi cikin awa 3 na farko. Ku tambaya ko suna cikin abin da gunduma ke iya samu.

A nan ne ƙasarmu take da abin nunawa, kuma shi ne misalin haɗin gwiwa da na fi so. Wajen 2015 ma'aikatar lafiya, tare da wata ƙaramar ƙungiya ta ƙasar Norwe mai suna HDI, ta shimfiɗa tsari mai hawa uku a likitocin ƙasar. In jini ya wuce kima, a ba mace ƙwayoyin misoporostol a ƙarƙashin harshe. In bayan minti 20 bai tsaya ba, a sa kwaroron roba da aka ɗaura a bakin siririn tiyo cikin mahaifa, a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin. In ta fara suma, a naɗe ta da wata riga mai matse ƙafafu da ciki, wadda ke mai da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, a ɗauke ta zuwa inda ake tiyata da ƙarin jini. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a likitoci ta ragu da fiye da rabi. Ka duba abin da ya sa ya kama. Kayan masu araha ne. Ba a gina ko ɗaki guda ba. Ma'aikatan gwamnati da ke wurin su aka koya wa, ba a ɗauko wasu daga waje ba. Kuma lissafin yana bin hanyar ma'aikatar lafiya. In ƙungiyarku ta tabbatar da cewa kowace CSI da kowane ɗakin shan magani na ƙaramar hukumarku yana da waɗannan kaya uku, da mutumin da hannunsa ya saba da su, ta yi aikin da ya fi gini mai bene.

Jijjiga ita ma haka. Abin awon hawan jini mai aiki, ɗan tsinken gwada fitsari, da allurar sulfat na maneziyom, wadda ba ta da tsada. Matsalar ita ce ma'aikaci da yawa yana tsoron allurar, don bai taɓa yin ta da hannunsa ba, sai ya tura mace tana taune harshe a bayan mota ba tare da ya yi mata kashin farko ba. Irin wannan ba taron horo a otel ke gyara shi ba. Bari in faɗi abin da zai ɓata wa wasu abokan aikina rai: horon da ake kwashe ma'aikata a kai su babban gari kwana biyar, a ba su kuɗin zama, a bar likita a rufe, ya fi amfanar aljihu. Wanda na ga yana canja hannun mutum shi ne gogaggiyar ungozoma ta zo ta kwana biyu ko uku a CSI, ta tsaya tare da yarinyar da ke wurin a kan haihuwa ta gaske, su yi gwaji da ɗan mutum-mutumi, ta koma bayan wata biyu ta ga abin da ya zauna. Ku roƙi wannan, ku sa man babur ko na mota na mai zagayen a cikin lissafi.

Ita kanta ungozomar, me zai zaunar da ita a ƙauyenku? Akasarinmu mata ne, da yawa mazansu na aiki a birni, shi ya sa Yamai ta cika da mu ƙauye kuwa babu. Yarinyar da aka tura ta tarar ba ɗakin kwana mai ƙofa, ba ruwa, ba makewayi, ita kaɗai ba mai canjinta dare da rana, wata shida ta fara neman hanyar komawa, kuma ban ga laifinta ba. Gida mai kyau a cikin shingen likita, da ruwa, da fitila, da ma'aikata biyu maimakon guda, wannan gini ne da nake goyon baya. Abin da ya fi shi dorewa kuma, ku ɗauki nauyin karatun ƴaƴanku mata biyu ko uku da suka samu brebe ko bak, su yi makarantar kiwon lafiya da sharaɗin za su dawo gida su yi wasu shekaru. Shekara 3 na porjen daidai suke da shekarun karatun ungozoma. Sannan a gaya wa ma'aikata gaskiya kan halinsu. Tsawa da zagi a ɗakin haihuwa suna korar mata fiye da nisan hanya. Wadda aka kunyata sau ɗaya gaban kishiyarta ko uwar mijinta, ta gwammace ta haihu a bayan ɗaki.

Jini kuwa, ba a sayensa a kanti. Asibitin gunduma yana iya samun likitan da aka koya wa tiyata, ga ɗakin aiki, amma mace ta mutu ana neman wanda zai ba da leda guda. Ƙungiya irin taku tana iya tara samari a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunaye da lambobin waya a ajiye wurin majo, malamai kuma su faɗa a huɗuba cewa ba da jini sadaka ce. Wannan ko sisin Bature ba ya bukata.

Ban manta jariri ba, ko da yake mu kanmu mun daɗe muna mantawa da shi. Nijar ta yi suna wajen rage mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma ta jarirai a watan farko ta ƙi sauka yadda ake so. Abu uku ke ɗauke su: rashin numfashi a lokacin haihuwa, zuwa kafin lokaci, da ƙwayoyin cuta. Jaririn da ya fito bai yi kuka ba yana da minti guda. A goge shi da ƙyalle mai tsabta, a shafa bayansa, in bai motsa ba a sa masa ƴar jakar hura iska. Da yawa da ake cewa sun zo ba rai, da ransu, hannu ne ba su samu ba. Bakwaini kuma ba kwalba yake jira ba, wadda in wuta ta ɗauke ta zama akwati. A ɗaura shi tsirara a ƙirjin uwarsa, fata da fata, dare da rana, a ba shi nono. Sauran aikin na gida ne, kuma nan tsofaffi za su yi gardama: a jinkirta wanka sai bayan awa 24, a sa shi a nono cikin awa ta farko, kada a zubar da dakashi don shi ne rigakafinsa na fari, kada a ba shi ruwa ko rubutu, kada a sa toka ko kashin dabba ko man shanu a cibiya, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta na kuloreksidin in likita ta bayar. Kwanakin nan kafin suna su ne masu haɗari, kuma su ne mai jego ba ta fita. Don haka a samu wadda za ta shiga gida ta duba su a rana ta farko, ta uku da ta bakwai, ta san alamun da ke sa a ruga: jariri ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, numfashi da sauri, ko uwa tana wari da zazzaɓi.

Saura maganar da ta sa ka rubuto, wato ranar da baƙi za su tafi. Zanen aro ba ya rufe katara, mun kuma gani da idonmu. Gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, kuma mata sun amsa kira. Amma kuɗin da ya kamata a mayar wa likitoci ya riƙa makara, kantin magani ya bushe, kyauta ta koma takardar sayen magani a waje. Daga watan Satumba na 2024 an rage kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, haihuwa ma ta zama kyauta. Abin murna ne, sai dai safar hannu da zaren ɗinki da allura dole wani ya biya su. Ta gefen masu agaji kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙasashe da dama sun dakatar da taimako, iyakoki suka rufe, kaya suka maƙale a hanya. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID, ayyuka da yawa a Afirka suka tsaya cikin ƴan makonni. Wanda ya zo yau da kyakkyawar niyya, gobe ana iya kiransa gida ba da son ransa ba.

Saboda haka kowane abu da za a rubuta a yarjejeniya, ku sa masa tambaya guda a gefe: a shekara ta 4, wa zai biya? In babu amsa, ko dai a fasa shi, ko a rage shi zuwa abin da za ku iya ɗauka. Kada ku yarda ƙungiya ta ɗauki ma'aikata da albashin da ya ninka na gwamnati, ranar da ta tafi su ma sun tafi, waɗanda suka rage kuma zuciyarsu ta mutu. Kada ta buɗe nata kantin magani da nata rajista a gefe, ta bar majo yana cika takardu kala biyar maimakon duba marasa lafiya. Tun 2006 akwai asusun haɗaka na kiwon lafiya a ƙasar nan, wanda aka kafa don masu taimako su zuba kuɗi wuri guda a bi tsarin ma'aikatar lafiya, kuma hikimar da ke cikinsa ta shafi ƙaramin porje kamar yadda ta shafi babba. Kason ƙungiyar ya riƙa raguwa kowace shekara, na magajin gari da naku yana hawa, tun suna nan ana ganin inda zai yi ciwo. A sa mata a kwamitin COGES, wato na mutanen gari masu kula da tafiyar da likita, mata masu baki, ba na cika kujera ba. Ku ma ku tambayi ƙungiyar takardar izininta na aiki a ƙasa, don hukuma ta tsaurara a kan wannan.

Wajen auna aiki, kada ku karɓi lissafin taro nawa aka yi, mutum nawa aka horar. Ku tambayi mata nawa suka haihu a likita bana in an gwada da bara, nawa aka tura gunduma kuma awa nawa suka yi a hanya, kwana nawa aka yi babu oksitosin ko sulfat, jarirai nawa aka farfaɗo. Duk macen da ta rasu, a zauna a bi diddigin abin da ya faru ba tare da neman wanda za a kama ba, don in ana kamu, ɓoyewa za a riƙa yi. Kar kuma ka firgita in shekarar farko ka ga adadin mutuwa ya hau a takarda. Sau da yawa waɗanda da suke mutuwa a gida ba a rubuta ba ne suka fara isowa.

Gini fa? In CSI ɗinku tana karɓar haihuwa a ɗakin da ake yi wa maza allura, ko rufi na yoyo, ko babu inda mai jego za ta kwanta awa 24 a sa mata ido, to a gina, a haɗa da ruwa da hasken rana da makewayi. Amma kafin a aza tubali, babban likitan gunduma ya sa hannu cewa wurin yana cikin taswirarsu kuma za a turo ma'aikaci, in ba haka ba awakin da kake tsoro suna nan suna jira. Wannan babban likitan za ku fara gani, kafin ku sake zama da baƙin. Ka je da magajin gari da mace guda daga cikin ƴan kwamiti, ku roƙi a buɗe muku rajistar haihuwa da ta turawa ta shekarar da ta wuce, ku kwana guda a CSI ɗin ku ga yadda dare yake. In kun samo waɗannan lambobi, ka aiko mini da su tare da nisan kowane ƙauye da inda korama take yankewa, sai mu zauna mu tsara takardar tare. A gaida mutanen gida.